Tuɓe wa Andrew rawanin yarima: me Sarki Charles ya karɓe, me ya rage a hannun ƙanensa?

Shin sarki na iya cire wa ɗan'uwansa, uwa ɗaya uba ɗaya, sunan ɗan sarki? Wannan ita ce tambayar da ta riƙa yawo tun daren Alhamis 30 ga Oktoban 2025, lokacin da Fadar Buckingham ta sanar da cewa Sarki Charles na III na Birtaniya ya fara bin matakan raba ƙanensa Andrew da duk wani muƙami da lambar girma da yake da su, kuma zai tashi daga gidan da ya shafe shekara ashirin da ɗoriya a ciki. Tushen lamarin shi ne alaƙarsa da Jeffrey Epstein, attajirin Amurka da aka taɓa ɗaurewa kan neman lalata da yarinya, da zargin da wata mai suna Virginia Giuffre ta yi masa, wanda yake musantawa. A wajen Bahaushe abin yana da ɗaure kai. Mun san ana tuɓe hakimi, mun san ana tuɓe sarki ma, amma ɗan sarki ɗan sarki ne har ya koma ga Mahaliccinsa, domin haihuwa ce ta ba shi, ba naɗi ba.

Daga nan ne rashin fahimta ya taso. Wasu sun ɗauka kotu ce ta kama shi da laifi, wasu kuma sun ɗauka an kore shi daga gidan sarautar baki ɗaya har da gādon mulki. Ko ɗaya daga cikin biyun bai faru ba a lokacin.

Rawani nawa ne a kansa, wanne aka cire?

A tsarin sarautar Birtaniya, kalmar “yarima” ba a jini kaɗai take ba, takardar sarki ce ke tabbatar da ita. A 1917 Sarki George na V, kakan Sarauniya Elizabeth, mahaifiyar Charles da Andrew, ya fitar da takardar umarni da ta fayyace waɗanda za a kira yarima ko gimbiya, a kuma gaishe su da “Mai Martaba”: 'ya'yan sarki, da jikokinsa ta wajen 'ya'ya maza. Abin da takardar sarki ta bayar, takardar sarki na iya karɓewa. Haka Charles ya yi a farkon Nuwamban 2025, inda ya sa hannu a kan sabuwar takarda da ta ce daga ranar Andrew ba yarima ba ne, ba kuma Mai Martaba ba. Sunansa yanzu Andrew Mountbatten-Windsor, wato sunan dangi da Sarauniya Elizabeth ta tanadar tun 1960 domin zuriyarta waɗanda ba su da muƙami.

Sai sarautar Duke na York, wadda mahaifiyarsa ta naɗa masa ranar aurensa da Sarah Ferguson, 23 ga Yulin 1986. Wannan sarauta ce mai daraja, bisa al'ada ɗa na biyu ake bai wa, kuma kakansa Sarki George na VI ya riƙe ta kafin ya hau gadon mulki. A nan ne dokar take da sarƙaƙiya. Sarki ya ba da umarni a goge sunan Andrew daga kundin masu riƙe da irin wannan sarauta, saboda haka babu wata takardar hukuma da za ta ƙara kiransa Duke. Amma kashe sarautar kanta aikin majalisar dokoki ne. An taɓa yin haka da dokar 1917, wadda aka yi amfani da ita a 1919 aka tuɓe Duke na Cumberland da Duke na Albany saboda sun mara wa Jamus baya a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A wannan karon an kauce wa majalisa.

Lambobin girma, ciki har da ta Garter wadda ita ce mafi tsufa da daraja a Ingila, su ma sun tafi. Abin da bai tafi ba shi ne matsayinsa a jerin magāda: da aka tuɓe shi a 2025 ya ci gaba da zama na takwas, bayan William, babban ɗan Charles, da 'ya'yansa uku, da Harry, ƙanen William, da 'ya'yansa biyu. 'Ya'yansa mata, Beatrice da Eugenie, suna nan da sunansu na gimbiya, domin ta hanyar kakarsu suka same shi.

Daga gwarzon yaƙi zuwa abokin attajirai

Wanda bai san Andrew na da ba, ba zai gane girman faɗuwar ba. An haife shi ranar 19 ga Fabrairun 1960, kuma a lokacin shi ne na biyu a jerin magāda, daga Charles sai shi. Ya shiga rundunar sojan ruwa, ya tuƙa jirgi mai saukar ungulu a yaƙin Falklands da aka gwabza tsakanin Birtaniya da Ajantina a 1982, ya dawo gida ana yi masa kallon jarumi. An daɗe ana faɗin cewa shi ne ɗan lelen Sarauniya.

Da ya bar aikin soja a 2001 sai aka naɗa shi wakili na musamman mai tallata kasuwancin Birtaniya a ƙasashen waje. Shekara goma ya yi yana wannan aiki, kuma a nan ne ƙorafi ya fara taruwa: yawan tafiye-tafiye da kuɗin jama'a, da cuɗanya da masu kuɗin da ake tababar hanyar dukiyarsu. A 2007 ya sayar da gidansa na Sunninghill Park ga Timur Kulibayev, surukin shugaban Kazakhstan na wancan lokaci, a kan fam miliyan 15, alhali fam miliyan 12 aka sa wa gidan. Mutane suka riƙa tambayar me ƙarin miliyan ukun ya saya.

Epstein, Maxwell da yarinya mai shekara 17

Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Andrew ya ce ya san Jeffrey Epstein, wani hamshaƙin attajirin Amurka, a 1999 ta hannun Ghislaine Maxwell, tsohuwar ƙawar shi Andrew. A 2008 Epstein ya amsa laifin neman yin lalata da yarinya mai ƙarancin shekaru a jihar Florida, aka yanke masa ɗaurin wata 18, ya yi wajen wata 13 ya fito. Duk da wannan tabo da duniya ta sani, a Disambar 2010 an ɗauki hoton Andrew yana tattaki da shi a dandalin Central Park na birnin New York, kuma a gidansa ya sauka. Fitowar hoton na cikin abin da ya raba shi da aikin wakilcin kasuwanci a Yulin 2011.

Akwai kuma hoto na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. An ɗauke shi a 2001 a gidan Maxwell da ke Landan: Andrew ya riƙe ƙugun wata yarinya, Maxwell na tsaye a bayansu tana murmushi. Yarinyar ita ce Virginia Roberts, wadda daga baya aka fi sani da Virginia Giuffre, shekarunta 17 a lokacin. Ta ce tana aiki a wurin shaƙatawa na Mar-a-Lago a Florida ne Maxwell ta yaudare ta da sunan aikin tausa, daga nan Epstein ya mayar da ita kayan da yake miƙa wa manyan abokansa. Ta ce sau uku aka sa ta kwana da Andrew: a Landan, a New York, da kuma tsibirin Epstein da ke yankin Caribbean. Andrew ya musanta wannan zargi tun ranar farko, kuma har yau yana musantawa.

An sake kama Epstein a Yulin 2019 bisa tuhumar safarar 'yan mata domin lalata, ya mutu a gidan yarin New York ranar 10 ga Agustan shekarar kafin a fara shari'a, hukumomi suka ce shi ya kashe kansa. Maxwell kuwa kotu ta same ta da laifi a Disambar 2021, aka yanke mata shekara 20.

Baki shi ke yanka wuya

Idan akwai rana ɗaya da za a ce ita ce mafarin rushewar Andrew, to ita ce 16 ga Nuwamban 2019, ranar da BBC ta watsa hirar da 'yar jarida Emily Maitlis ta yi da shi a cikin Fadar Buckingham. Shi da kansa ya yarda a yi hirar, da niyyar wanke kansa.

Ya ce bai tuna ya taɓa ganin Virginia ba. Da aka nuna masa hoton sai ya nuna shakku a kan sahihancinsa. Ya ce daren da take magana a kai yana gida, domin da yammacin ranar ya kai 'yarsa Beatrice wani biki a shagon Pizza Express da ke garin Woking. Da aka ce ta bayyana yadda yake ta zuba gumi a wurin rawa, sai ya ce a wancan lokaci jikinsa ba ya fitar da gumi, sakamakon wata larura da ya samo a yaƙin Falklands. Da aka tambaye shi dalilin kwana huɗu a gidan mutumin da aka ɗaure saboda lalata da yara, sai ya ce ya je ne ya yanke abotar ido da ido, domin a ganinsa hakan ne mutunci. Ya kuma ce bai yi nadamar sanin Epstein ba, saboda ya amfana da mutanen da ya haɗa shi da su.

Abin da ya fi ɓata wa masu kallo rai, ni ma kuma shi ya fi tsaya min, shi ne a tsawon hirar bai furta kalma ɗaya ta tausayi ga 'yan matan da Epstein ya lalata wa rayuwa ba. Mutum ya yi kusan awa guda yana kare sunansa, bai tuna cewa akwai waɗanda aka cuta ba. Cikin kwana huɗu kamfanoni da jami'o'i suka fara janye jiki daga gare shi, ranar 20 ga Nuwamba ya sanar da cewa ya ajiye ayyukan fada.

Sasanci ba hukunci ba ne

A Agustan 2021 Virginia ta shigar da ƙara a New York. Ya kamata a gane irin ƙarar: ta neman diyya ce tsakanin mutum da mutum, ba tuhumar aikata laifi da gwamnati ke shigarwa wadda ke kai wa ga ɗauri ba. Lauyoyin Andrew sun yi ƙoƙarin a kori ƙarar, amma ranar 12 ga Janairun 2022 alƙali Lewis Kaplan ya ƙi. Washegari Sarauniya ta karɓe muƙamansa na girmamawa a rundunonin soja da shugabancin ƙungiyoyin jinƙai, aka ce zai fuskanci ƙarar a matsayin mutum kamar kowa.

Bai fuskance ta ba. Ranar 15 ga Fabrairun 2022 aka sanar da cewa an sasanta a wajen kotu. Ba a bayyana adadin kuɗin ba, amma jaridun Birtaniya sun ruwaito wajen fam miliyan 12. A takardar sasancin bai amsa laifi ba, sai dai ya ce ya yi nadamar alaƙarsa da Epstein, ya kuma amince cewa Virginia na cikin waɗanda aka zalunta. A shari'ance, sasanci ba ya nufin mutum ya aikata, ba ya kuma nufin an wanke shi. Abin da ya haifar shi ne ba a taɓa sa Andrew ya rantse ya amsa tambayoyi a gaban alƙali ba. Tambayar da ta biyo baya, wadda fadar ba ta amsa ba, ita ce daga aljihun wa kuɗin ya fito.

Wata guda da rabi bayan haka, shi ne ya rako mahaifiyarsa cikin cocin Westminster Abbey wurin addu'ar tunawa da mahaifinsa Yarima Philip. Mutane da dama sun karanta wannan a matsayin saƙon uwa: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da Sarauniya ta rasu ranar 8 ga Satumban 2022, inuwar da yake fakewa a ciki ta gushe.

Me ya sa sai a Oktoban 2025?

Zargin ba sabo ba ne, hoton ya kai shekara 14 da fitowa. Abubuwa ne suka haɗu a cikin makonni kaɗan har tura ta kai bango.

Na farko, ramin ƙarya ƙurarre ne. A hirar 2019 Andrew ya ce tun Disambar 2010 bai ƙara hulɗa da Epstein ba. Sai ga wani saƙon imel da jaridu suka wallafa a tsakiyar Oktoba, wanda ya aika masa a ƙarshen Fabrairun 2011, kwana ɗaya bayan fitowar hotonsa da Virginia, yana ce masa tare suke cikin wannan lamari, su ci gaba da tuntuɓar juna. Wanda aka kama da ƙarya a kan kwanan wata, da wuya a gaskata shi a kan sauran. An kuma ruwaito cewa a shekarar ya miƙa wa ɗan sandan da ke tsaron lafiyarsa ranar haihuwar Virginia da lambar shaidarta ta Amurka domin a tono masa asirinta, abin da ya sa 'yan sandan Landan suka ce za su duba. Kafin nan, a Disambar 2024, an riga an yi ta cece-kuce kan kusancinsa da Yang Tengbo, ɗan kasuwar China da gwamnatin Birtaniya ta hana shiga ƙasar bisa zargin leƙen asiri, zargin da shi Yang ya musanta.

Na biyu, Virginia ta rasu a Afrilun 2025 a yammacin Ostireliya tana da shekara 41, iyalanta suka ce ita ta kashe kanta. Ta bar 'ya'ya uku, ta kuma bar littafin tarihin rayuwarta wanda ya fito ranar 21 ga Oktoba. Kwana huɗu kafin fitowarsa Andrew ya sanar da cewa ya daina amfani da sarautar Duke na York. Amma salon sanarwar ya ƙara wa wutar fetur, domin ya nuna kamar sadaukarwa ce yake yi don ƙasa da dangi, kuma sunan yarima na nan a hannunsa.

Na uku shi ne gida, kuma a ganina shi ya fi komai tunzura talakan Birtaniya. Royal Lodge katafaren gida ne mai ɗaki 30 a cikin gandun Windsor, mallakar hukumar kula da kadarorin masarauta, wadda ribarta baitulmalin gwamnati take shiga. A 2003 Andrew ya karɓi hayar gidan ta shekara 75. Ya biya fam miliyan 1 a dunƙule, ya kashe aƙalla fam miliyan 7.5 wajen gyara. Kuɗin hayar shekara-shekara kuwa, kamar yadda yake rubuce a yarjejeniyar, ƙwayar masoro ɗaya ce, ita ma sai idan an nema. Wannan tsohon salo ne a dokar Ingila, ana sa shi don yarjejeniya ta inganta alhali ba a karɓar komai. Masu kare shi sun ce ai ya biya hayarsa tun farko da kuɗin gyaran. Amma a ƙasar da ma'aikaci ke zuba kaso mai tsoka na albashinsa a hayar ɗaki biyu, wannan bayani bai shiga kunnen kowa ba. Kwamitin majalisa mai bin diddigin kuɗin gwamnati ya rubuta wasiƙa yana neman bahasi. Ranar 27 ga Oktoba, Sarki na gaisawa da jama'a a ƙofar cocin Lichfield, wani mutum ya ɗaga murya yana tambayarsa tun yaushe ya san abin da ke tsakanin Andrew da Epstein. Kwana uku bayan haka sanarwar ta fito.

Yadda ɓangarori ke kallon matakin

Magoya bayan masarauta na ganin Charles ya yi abin da mahaifiyarsa ta kasa, ya fifita amanar gadon mulki a kan zumunci, alhali yana fama da jinyar sankara. Suna nuni da jimlar ƙarshe ta sanarwar, inda Sarki da matarsa Sarauniya Camilla suka ce zuciyarsu na tare da duk waɗanda aka ci zarafinsu, kalmar da Andrew bai faɗa ba a hirarsa da BBC ta 2019.

Akwai 'yan tsiraru da ke cewa an hukunta mutum ba tare da shari'a ba. Wannan magana ba ta banza ba ce, kuma ita kanta sanarwar fadar ta ambaci cewa yana ci gaba da musanta zargin. Sai dai rawani amana ce, ba haƙƙi ba. Ana iya karɓe shi saboda zubar da mutuncin gida ko da kotu ba ta zauna ba, kuma abin da ya tabbata kaɗai, wato komawa gidan Epstein bayan ɗaurinsa da ɓoye gaskiyar ci gaba da hulɗarsu, ya isa dalili.

Masu fafutukar a soke sarauta, irin ƙungiyar Republic, suna cewa ihu ne bayan hari, kuma an yi shi ne don a toshe bakin majalisa kafin ta fara binciken kuɗin fada. A nan ina ganin suna da gaskiya mai yawa. Virginia ta fito da labarinta tun 2011, ta ambaci sunan Andrew a takardun kotu a ƙarshen 2014, fadar ta fito ta ƙaryata ta da kakkausar murya. Ba a motsa da gaske ba sai da wutar ta fara lasar rigar Sarki. Iyalanta sun ce yarinya 'yar talakawan Amurka ta kayar da yariman Birtaniya da gaskiyarta da jarumtarta. Haka ne, amma ba ta rayu ta gani ba.

Me ya hana a cire shi daga jerin magāda?

Wannan ba ya hannun Sarki. Dokar majalisa ce ke tsara gādon mulki, kuma Charles ba sarkin Birtaniya kaɗai ba ne: akwai wasu ƙasashe 14 da shi ne shugabansu, irin su Kanada, Ostireliya, New Zealand da Jamaica, kuma bisa al'adar da ke cikin dokar Westminster ta 1931 sai an nemi yardarsu. Lokacin da aka so a daina fifita ɗa namiji a kan mace wajen gādo, shugabannin ƙasashen sun amince a 2011, majalisar Birtaniya ta yi doka a 2013, amma ba ta fara aiki ba sai 2015. Najeriya da Ghana, ko da yake suna cikin ƙungiyar Commonwealth, ba su da ta cewa a nan, domin jamhuriya ce kowacce, Ghana tun 1960, Najeriya tun 1963.

Abin da ya canza, da wanda bai canza ba

Ga mai biyan haraji a Birtaniya, ribar da ake iya gani ita ce an buɗe ƙofar tambaya. Idan an binciki yarjejeniyar Royal Lodge, me zai hana a binciki sauran gidajen da 'yan gidan sarauta ke zaune a ciki? Kuɗin da gwamnati ke ware wa fada ya tashi daga fam miliyan 86.3 zuwa miliyan 132.1 a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, akasari saboda gyaran Fadar Buckingham, kuma yanzu mutane sun fi ƙarfin gwiwar tambayar ina kowane fam ke tafiya.

Shi kuwa Andrew ba titi aka jefa shi ba. An tanadar masa masauki a gandun Sandringham da ke Norfolk, wanda mallakar Sarki ne na ƙashin kansa, kuma Sarkin ne zai ɗauki nauyinsa daga aljihunsa. Sarah Ferguson, wadda suka rabu tun 1996 amma suka ci gaba da zama gida ɗaya, an ce a lokacin za ta nemi nata wurin. Ita ma ƙungiyoyin jinƙai da dama sun raba gari da ita a Satumban 2025, bayan fitowar wani saƙo da ta aika wa Epstein a 2011 tana yabonsa.

Ga matan da suka tsira daga hannun Epstein, tsugune ba ta ƙare ba. Abin da suka daɗe suna nema shi ne duk wanda ya shiga gidajen mutumin nan ya faɗi abin da idonsa ya gani. A Janairun 2020 babban mai gabatar da ƙara na yankin Manhattan da ke New York, Geoffrey Berman, ya tsaya a ƙofar gidan Epstein ya ce Andrew bai ba su haɗin kai ko kaɗan ba. Lauyoyinsa suka mayar da martani cewa sau uku ya yi tayin taimakawa. A Nuwamban 2025 'yan jam'iyyar Democrat a kwamitin bincike na majalisar wakilan Amurka suka rubuta masa wasiƙa suna neman ya zauna ya amsa tambayoyi, suka ba shi wa'adi zuwa 20 ga watan. Majalisar Amurka ba ta da ikon tilasta wa ɗan wata ƙasa da ke zaune a ƙasarsa ya bayyana a gabanta, kuma wa'adin ya cika bai ba su amsa ba.